Kawu ya ce an rage wa kiɗan Shata gishiri: kunne da yadda muke jin kiɗa

Sau uku ina tura ma kawuna waƙoƙin Shata a memori, sau uku yana maido mani da shi. Na farko ya ce mai turin ne bai iya ba, na biyu ya ɗora laifin a kan rediyon, na ukun sai na kai mashi da kaina har gida can Daura muka zauna a zaure muka kunna tare, ya saurara kamar minti biyu kanshi a ƙasa, sannan ya ɗago ya ce "ɗan nan, wanga ba na asali ba ne, an rage mashi gishiri, kalangun na nan amma bakin Shata ya dushe." Ni kuma a kunnena komai ras yake fita, kowace kalma ina jin ta har da 'yan amshi. Kuma fa mutumin nan ba a labari ya san Shata ba, ya sha tsayawa gabanshi ido da ido a wajen wasa, yana cikin jama'ar da suka yi mashi sallah da aka kawo shi Daura aka rufe a 1999, saboda haka in ya ce wani abu ya ɓace a kiɗan ba ni da bakin musa mashi. Abu ya ɓace kam, sai dai a kunnenshi ya ɓace, memorin lafiya lau yake.

Kawu ya yi kusan shekara talatin yana sana'ar injin niƙa. Tun bayan asuba ake jera mashi robobi da kwanoni, gero, dawa, masara, markaɗen wake da na kayan miya, inji na ta rugugi a ɗan shagon kwano har la'asar sakaliya, shi ko auduga bai taɓa cusawa a kunne ba don ba wanda ya taɓa ce mashi ƙara na cin kunne. Wannan abin ne ya sa na zauna na bi diddigin maganar, kuma abin da na fahimta ya canza yadda ni kaina nake sauraren kiɗa, shi ya sa nake son in warware shi a nan yadda kowa zai gane.

Mu fara da abin da ke faruwa in makaɗi ya daki kalangu. Fatar tana karkarwa, ta tura iskar da ke kusa da ita, iskar ta tura ta gaba, haka har ta shigo ramin kunnenka ta tarar da wata 'yar fata a miƙe, wadda muke ce ma dodon kunne. Wato kai ma ganga gare ka a cikin kai, waccan ta waje ta kaɗa ta cikin ta amsa. Bayan wannan fatar akwai wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku a haɗe da juna, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam gaba ɗaya, bai kai ƙwayar shinkafa ba, aikinsu su karɓi karkarwar su ƙara mata ƙarfi kamar ninki 20 su miƙa ta ciki. Can cikin kuma akwai wani abu a nannaɗe kamar katantanwa cike da ruwa, girmanshi bai wuce ƙwayar gurjiya ba, toh a nan ne ainihin aikin yake. A cikin katantanwar nan akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi-gashi a kai kimanin 15,000 a kowane kunne, a jere suke tun daga bakin ƙofa har ƙurya, kuma kowane rukuni da irin sautin da ya sani. Na bakin ƙofa su ke karɓar siririn sauti irin na sarewa, kukan tsuntsu, ƙarar gyare da daddare. Na can ƙurya su ke karɓar kakkauran sauti irin na tambari ko rugugin hadari. Wani masani ɗan asalin Hungari mai suna Georg von Békésy shi ya gano yadda karkarwar ke tafiya a cikin katantanwar tana tsayawa wurin da ya dace da ita, har aka ba shi kyautar Nobel a 1961 a kan wannan aikin. In ruwan ya motsa gashin ya lanƙwasa, sai ya koma saƙon lantarki ya bi jijiya ya tafi ƙwaƙwalwa, ita ce za ta ce maka wannan kalangu ne, wancan muryar Shata ce, wancan kuma akuya ce ke kuka a waje.

Kunnen yaro mai lafiya yana kama sauti tun daga mai karkarwa sau 20 a sakan ɗaya har zuwa mai sau 20,000. Amma wannan na saman ba ya daɗewa, tun mutum na saurayi yake fara zubewa kaɗan-kaɗan ba tare da ya sani ba, kafin a kai shekara sittin da yawa daga cikin siraran sautukan sun tafi. Dalili kuwa waɗancan na bakin ƙofa duk wata ƙara da za ta shiga sai ta bi ta kansu, kamar tabarmar bakin zaure ce, ita ke fara cinyewa. Abin da ya fi tayar mani da hankali a duk binciken nan shi ne in suka mutu sun mutu ke nan, ba sa sake tohowa a jikin mutum. Kaza da tantabara da kifi in nasu ya lalace wani na fitowa, mu kuwa da wanda aka haife mu da shi za mu ƙare rayuwa.

Da na lallaɓa kawu muka zo asibitin kunne a nan Katsina, sai da na yi da gaske don cewa yake shi ba kurma ba ne, ai yana jin kiran sallah yana jin mota. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai kauri da ba ya shigar da hayaniya, aka ɗora mashi abin sauraro a kunnuwa biyu aka ba shi ɗan maɓalli aka ce duk sanda ya ji ƙara komai ƙanƙantarta ya danna. Ina kallonshi ta gilashi. Da farko yana ta dannawa da sauri har yana murmushi, can sai na ga ma'aikaciyar tana ta murɗa abu tana kallonshi, shi kuma yana zaune shiru hannunshi a kan maɓallin yana jiran a fara, bai san an daɗe da farawa ba. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Da aka fito da takardar, layin ya taho a sama lafiya lau ta ɓangaren kaurara, yana zuwa wajen sauti mai karkarwa sau 2,000 a sakan ya fara gangarowa, a daidai 4,000 ya faɗa rami. Likitan ya ce mani wannan ramin na 4,000 shi ne tambarin da ƙara ke barin wa kunne, da sun gan shi sun san mutum ya daɗe cikin injina ko harbin bindiga ko makamancin haka, tsufa kuma ya zo ya ɗora nashi a kai.

Toh ga inda maganar ta haɗu da gishirin da kawu ya ce an rage. Maganar da muke yi kala biyu ce a cakuɗe. Wasula irin su a, o, u, suna da kauri da ƙarfi, a ƙasa suke. Baƙaƙe irin su s, sh, ts, f, t, sirara ne marasa ƙarfi, a sama suke, daidai wurin da ya lalace a kunnenshi. Ka ɗauki saya da tsaya da taya, in aka cire maka harafin farko duk "aya" za ka ji. Shi ya sa mai irin wannan matsalar zai ce maka yana jin ana magana amma bai gane me ake cewa, sai a ɗauka iya shege ne ko ya ga dama ne yake ji, alhali gaskiyarshi ya faɗa. A kiɗa ma haka, dukan ganga na nan, tashin murya da saukarta na nan, amma kaifin kalmomi da ɗan tsatsayin nan na bakin fata lokacin da sanda ta sauka, da shesshekar numfashin mawaƙi, duk sun tafi, ya zama kamar kana jin biki daga bayan katanga. Wannan shi ne gishirin.

Akwai kuma wani abu da yake rikita mutanen gida, ka yi mashi magana a hankali bai ji ba, ka ɗaga murya ya ce don me kake mashi tsawa. Ba rigima ba ce. Kunnen da ya lalace tazarar da ke tsakanin "ban ji ba" da "ya yi yawa" ta matse ƙwarai, sai sauti ya tsallake daga shiru ya faɗa ciwo kai tsaye. Don haka ƙure ma dattijo rediyo ba ya maido mashi da daɗin waƙa, kaurin kawai kake ƙara mashi, wanda dama yana ji, ya ƙara danne ɗan siririn da ya rage.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni, kuma a nan nake ganin mu Hausawa muna da misalin da ya fi na kowa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kukan da ake yi da hawaye da kukar da ake miya da ita baƙaƙensu ɗaya wasulansu ɗaya, tashi da faɗuwar murya ne kawai ya raba su, haka baba na uba da baba na uwa da baba na rini. Kalangu da wannan yake magana. Makaɗi ya rataya shi ya matse igiyoyin a hammata fatar ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauko, sai ya bi karin maganar da tsawon gaɓoɓinta sak, amma ba shi da s ba shi da ts ba shi da ko harafi ɗaya. Duk da haka in aka kaɗa taken mahauta a kasuwa, ko taken wani ɗan dambe a fili, za ka ga mutum ya zabura tsigar jikinshi ta tashi, ya ce maka ga abin da gangar ta ce kalma bayan kalma. Ina ya samo kalmomin? Dama suna cikin kanshi. Gangar ta ba shi ƙashin maganar, ƙwaƙwalwarshi ta sa mata nama. Baƙon da bai san taken ba kuwa, ko da Bahaushe ne kuma kunnenshi garau, dukan fata kawai zai ji.

Sai na lura kawu yanzu duniya gaba ɗaya ta koma mashi kalangu. Karin magana yake ji ba haruffa, abin da ya sani sai ya cike, abin da bai sani ba ya wuce shi. Shi ya sa in aka sa waƙar da ya haddace tun yana saurayi, duk da ƙorafin gishiri, za ka ga leɓenshi na bin ta ba ya kuskuren ko gaɓa ɗaya, wani lokacin ma ya riga mawaƙin. In jikokinshi suka kunna waƙar zamani ta situdiyo wadda aka cika ta da fiyano da murya mai gyaran kwamfuta, sai ya ce hayaniya ce kawai babu magana a ciki. Da ina ɗauka ƙyamar sabon abu ce irin ta manya, kuma ban ce babu wannan ba, amma kaso mai yawa na abin kunne ne, sabuwar waƙa ba ta da kwafi a kanshi da zai cike gurbin da shi. Haka yake a karatun Alƙur'ani, surorin da ya haddace in limami na karantawa ko daga sahun baya yana biye da shi tsaf, amma wa'azi ko sanarwar ɗaurin aure a lasifika ɗaya sai ya juyo ya tambayi na kusa da shi.

Kar wani ya ɗauka wannan cikon na masu matsalar ji ne kaɗai, dukkanmu muna yi kullum. Ɗan sifikan wayarka ba zai iya fitar da kaurin tambari ko babbar ganga ba, ya yi ƙanƙanta, amma kana jin waƙa a waya kana gane kaurin saboda kowane sauti yana tafe da 'ya'yanshi a sama, ƙwaƙwalwa ta ji 'ya'yan sai ta ƙirƙiro uwar da kanta. Ko ka tuna ranar da ka fara jin muryarka a saƙon murya na WhatsApp ka ce wannan ba ni ba ne? Kai ne, sai dai kullum kana jin kanka ta hanya biyu, ta iska da kuma ta ƙashin kai wanda ke ƙara ma muryar kauri, rikodin kuwa ta iskar kawai ya ɗauko, wadda sauran mutane suka sani.

Ido ma yana da hannu a ciki. A 1976 wasu masana biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka haɗa hoton bakin mutum yana cewa "ga" da murya tana cewa "ba", mafi yawan waɗanda suka kalla suka ce "da" suka ji, in suka rufe ido kuma su ji "ba" ɗin daidai. Wato ido na iya canza abin da kunne ya kawo tun kafin ka sani. Shi ya sa kawu in zai yi hira da kai sai ya juyo da kai wajen haske yana kallon bakinka, da magariba ta yi kuma hirar ta ragu. Kuma shi ya sa kallon makaɗi a fili, ka ga kafaɗarshi na rawa, ka ga hannun ya ɗaga kafin ya sauka, ya fi kaset nesa ba kusa ba ko da sautin iri ɗaya ne.

Sai jiki. Hausawa sun ce jiki ya fi kunne ji, duk da a kan horo ake faɗin haka, a kiɗa ma maganar ta zauna daram. Akwai 'yar goggona da sanƙarau ya kama a annobar 1996, shekarar da cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, akasari a Arewa, ta kashe fiye da 11,000. Tana 'yar shekara biyar lokacin, Allah ya tashi kafaɗunta amma jin ya tafi gaba ɗaya kunne biyu, da maganar hannu muke hira da ita har yau. In ana kiɗan ƙwarya a gidan biki ita ce a gaba. Na sha tsayawa daga bakin ƙofa ina kallonta, takan tuɓe takalmi ta matso dab da masu kiɗan, wani lokacin ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a gefen babbar ƙwaryar da aka kifa a ruwa, ta yi kamar sakan goma a haka idonta na kan hannun mai kiɗan, sai ta miƙe ta shiga fili, kuma wallahi ƙafarta ba ta saɓa ma kiɗan, in an juya ta juya. Baƙi ba sa yarda kurma ce sai an gaya masu. Fata da ƙashi da tafin ƙafa da ƙirji duk suna jin karkarwa, musamman mai kauri, kuma kiɗanmu na gargajiya yawancinshi na fata ne da ƙwarya, irin wanda jiki ke kamawa.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai wata mata 'yar Sikotilan, Evelyn Glennie, an haife ta a 1965, jinta ya tafi tana da shekara 12, amma ta zama ɗaya daga cikin shahararrun makaɗan ganguna na duniya, ba takalmi take hawa dandali don ta ji kiɗan ta ƙafa, ita ce ta jagoranci ɗaruruwan makaɗa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012. Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, kuma tun kafin ya kai talatin jinshi ya fara raguwa, a 1824 da aka gabatar da ɗaya daga cikin manyan ayyukanshi a Biyana kusan ba ya jin komai, da abin da ke cikin kanshi ya tsara shi.

Wannan haɗin na jiki da kiɗa tun daga goyo yake farawa. A cikin kunnen nan dai, maƙwabcin katantanwa, akwai sashen da ke kula da daidaiton jiki, wanda in ya rikice mutum ke jin jiri. A 2005 wasu masu bincike a Kanada suka sa ma jarirai 'yan wata bakwai wani kiɗa da ba a bambance inda nauyinshi yake ba, wasu ana jijjiga su a kowane bugu na biyu wasu a na uku, daga baya kowane jariri ya fi karkata ga kiɗan da ya yi daidai da yadda aka jijjiga shi. Da na karanta wannan sai na tuno yaron da ke goye a bayan uwarshi tana daka, ko 'yan mata biyu uku na lugude a turmi ɗaya suna jefa taɓarya sama suna tafi, shi yana baya yana hawa yana sauka da kowane bugu, ƙirjinshi manne da bayanta yana jin waƙar da take yi ta ƙashi. Wannan yaron an riga an koya mashi kiɗa kafin ya iya zama.

Na'urar ƙara ji tana taimakawa sosai, kawu ya samu guda kuma hira ta dawo mashi, har ya koma zaman majalisar ƙofar gida da ya daina. Amma don magana aka fi tsara ta, tana ɗaga siraran sautuka ta danne masu ƙarfi, wani lokacin ta ɗauki dogon busan algaita a matsayin hayaniya ta rage shi, saboda haka kiɗa a cikinta yakan fito kamar a gwangwani sai in an saita mata tsarin kiɗa daban. Wadda ake dasawa a cikin kunne da tiyata kuma, ta waɗanda jinsu ya tafi gaba ɗaya, 'yan wayoyi ne tsakanin 12 zuwa 22 ke ƙoƙarin yin aikin dubban ƙwayoyin nan, magana na fita, bugun ganga na fita daidai, amma hawa da saukar waƙa yana wahalar kamawa, ga tsada da ta fi ƙarfin talaka.

Abin da ke damuna yanzu yaranmu ne. Ana auna ƙarfin ƙara da desibel, hirar yau da kullum tana wajen 60. A 85 mutum zai iya yin awa 8 a rana, daga nan duk ƙarin 3 sai lokacin ya rabu biyu, 88 awa 4, 91 awa 2, kafin ka kai 100 ya koma minti 15 kacal. Sifikun da DJ ke jerawa a wajen biki suna kai 100 har su wuce, kuma wa ke zama dab da su? Ƙananan yara, wasu ma a kan sifikar suke hawa su zauna awa uku huɗu iyaye na can ciki. Iyafis in aka ƙure waya shi ma yana kai wa can, ga ɗan acaɓa ko mai Keke Napep ya cusa shi tun safe yana ƙara murya don ya danne ƙarar inji, ga mai walda da mai injin markaɗe da mai shagon cajin waya da janareto a gindinshi. Bindigar da ake bugawa ranar hawa ta wuce duk waɗannan, harbi ɗaya a kusa da kunne ya isa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti, kuma mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin ji da ke buƙatar kulawa, har ta ware 3 ga Maris ta zama ranar ji ta duniya. In ka dawo daga biki ka kwanta ka ji kunnenka na "tsiiii" ko ya yi dum kamar an toshe da auduga, wannan gashin nan ne suka jigata, da safe yakan washe amma ba duka ke tashi ba, kuma ba ciwo ba jini balle ka farga. In kunne ya ji jiki ya tsira, in kana sa iyafis kar ka wuce kashi 60 na ƙarfin wayar, ka riƙa cirewa kana hutawa, mai aikin inji ya nemi abin toshe kunne na roba ba shi da tsada, a janye yara daga bakin sifika.

Ƙara kuma ba ita kaɗai ke cin kunne a wajenmu ba. Sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai mai tsanani, kunnen yaro da ke zubar da ruwa a bar shi wata da watanni ana ɗiga mashi man da ba a san asalinshi ba, sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza har a huda fatar, sai allurai irin su jentamaisin da kinin da ake yi barkatai a kemis ba tare da awo ba. Rigakafin ƙyanda da na sanƙarau suna cikin abin da ya fi kare jin yara, kuma kyauta ake yi.

Sallar da ta wuce na je Daura kallon hawan Magajiya, kawu ya ce in raka shi. Da muka kusa Kangiwa, wato fadar sarki, sai na ga ya zare na'urar daga kunne ya naɗe ta a hankici ya sa a aljihun gaba, na ce "Kawu ya za ka cire, ai yanzu ne za a fara", ya ce "bar ta nan, wanga ba da ita ake jin shi ba." Ya ja ni muka kutsa har inda makaɗan fada za su bi, nesa da 'yan bindiga, ya tsaya ya dafe ƙirji da hannu ɗaya. Dawakai na wucewa ƙura ta tashi, kakaki na tsaga sama wanda na san rabinshi ba ya kai mashi, can sai ganguna suka matso har ina jin su a cikina. Ni ina ta kallon kayan doki, sai na ji ya damƙi hannuna ya sunkuyo da ƙarfi yana faɗa mani kirarin da ake kaɗawa, kalma bayan kalma, da sunan sarautar mai shi, tun kafin dokin ya ɓullo kwana. Da ya ɓullo kuwa shi ne.